Madalla da Masu Jinyar Alhaji

Ya ci a ce zuwa yanzu an ware lambar yabo a jihar Neja don iyalan da suka ƙware wajen jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ta hanyar hana shi motsi. Daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi, babu unguwar da za ta rasa ɗan takara. Ranar biki ma ba sai an nema ba, ga 29 ga Oktoba nan da duniya ta keɓe wa wannan ciwo.

Kowa ya san irin gidan. An sallamo Alhaji daga asibiti, hannun dama ya saki, ƙafa tana ja, baki ya ɗan karkace. Likitan gashi ya ce a riƙa kawo shi, a gida kuma a zaunar da shi, a miƙar da shi tsaye, ya taka ko da daga ɗaki zuwa zaure ne. Hajiya ta ce to. Ana isa gida aka shimfiɗa katifa mai laushi a ƙuryar ɗaki, aka saki labule, aka kunna fanka. Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, 'yarsa ta yi wuf ta ce, "Bari, Baba, mu me muke yi a nan?" Ya nemi sanda zai zaga bayi, babban ɗan ya ce, "Haba Baba, muna raye ka ja ƙafa a tsakar gida maƙwabta su gani?" Aka kawo fo. Kai, tarbiyya ta yi! Ko cokali ba a barinsa ya riƙe, har da hannun hagun da lafiyarsa ƙalau.

Ladan wannan hidima ba ya jinkiri. Kafin a ankara yatsu sun dunƙule, gwiwar hannu ta ƙage, kafaɗa ba ta taɓuwa, gyambon kwanciya ya buɗe a kwankwaso da diddige. Likitoci sun ce a watanni 3 zuwa 6 na farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanyar sarrafa gaɓar da ta shanye, muddin ana motsa ta. Sun kuma ce doguwar kwanciya kan daskarar da jini a sharaɓa, ya ɓalle ya toshe huhu. To su likitoci me suka sani game da girmama na gaba?

Sai ɓangaren abinci, inda nan ne ƙauna take fitowa fili. Mara lafiya ai sai da maiƙo. Farfesun kayan ciki da safe, sakwara da miya mai yawo da man ja da rana (doyar Neja ba ta da laifi, ƙoshin ne ya wuce kima), da dare a aika yaro unguwar Mobil ya sayo tsire. Masu dubiya kuwa kowa da katon ɗin lemon kwalba, alhali takardar asibiti ta nuna akwai ciwon suga. In Alhaji ya ce baki ba ɗanɗano, a barbaɗa gishiri a ƙara dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, amma ai ba da Hajiya aka yi shawarar ba.

Akwai wasu masu shisshigi ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da suka bi marasa lafiya sama da 2,000 a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, suka fitar da sakamako a 2018 cikin binciken da ake kira SIREN. Wai hawan jini ne ke bayan kusan 9 cikin 10 na wannan ciwo a yankinmu. Wai bayansa akwai kitse a jini, cin nama kullum, faɗin tumbi, suga, ƙarancin ganye a abinci, ƙara gishiri a kan faranti da rashin motsa jiki. Ka ji fa, so suke a ba Alhaji kwaɗon zogale da rama, mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Iyalin sun fi su dabara. Tunda ba ya kukan ciwon kai, an dakatar da ƙwayar hawan jini. Na'urar awon tana cikin kwalinta a kan durowa, batir ya zube. Kuɗin maganin kuma an ba mai hayaƙi da man shafawa, wanda tun daga bakin ƙofa ya gano shafar iska ce.

A yi adalci, ba iyalin suka ƙirƙiro tsarin ba, gado suka tarar. Tun yana da lafiya Alhaji ba ya zuwa masallacin bayan gida sai da mota. An ce baligi ya samu minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa na tafiya da sauri sau biyar. Shi ma yana zuwa filin wasa na Bako Kontagora, ya zauna a inuwa 'yan Niger Tornadoes su yi gudun a madadinsa. In ya hango matan Gbagyi da ƙwarya a kafaɗa suna sassarfa za su Kasuwar Kure, sai ya girgiza kai ta bayan gilashi ya ce Allah Ya raba mu da wahala.

Ranar da ciwon ya sake bugowa, masu ta'aziyya za su shaida cewa ba a taɓa barinsa ya ɗaga ko tsinke ba, kuma gaskiya suka faɗa. Binciken nan na SIREN ya ce kusan 1 cikin 4 na waɗanda ciwon ya kama ba su kai shekara 50 ba. Babban ɗan yanzu ya ba 40 baya, ya sayi mota mai sanyi, maɓallin kaftani ya fara ƙin shiga, kuma bai taɓa miƙa dantse an auna ba. Hajiya in ta dube shi sai ta ce tubarkalla, ya ɗauko mahaifinsa sak.