Yadda Ake Gasa Ƙarfe a Gida Ba Tare da An Kira 'Yan Kwana-kwana Ba

Duk magidancin da ya ga sheƙin fentin hoda a jikin firij ko rim ɗin mota, ya bugi ƙirji ya ce shi ma zai iya, ga shawarwari kyauta.

Ya fara sanin cewa wannan fenti busasshen gari ne na roba. Bindigar feshi ke ɗora masa cajin lantarki, ya manne wa ƙarfe, sannan a gasa har ya narke ya sandare. Masana'antun Turai sun kama hanyar tun shekarun 1960, yau kuma kamfanoni irin su Eastwood na Amurka na sayar wa 'yan a-gani-a-gwada ƙaramar bindigar. Zai buƙaci kwamfaresa da takunkumi, kuma ya kashe sigarinsa, don garin yana kama wuta idan ya turnuke.

Sai kankara, wadda masu talla ba sa nunawa. Tsatsa da tsohon fenti da giris, har maiƙon yatsa, duk suna hana hoda zama. Ƙwararre yana da injin feshin yashi da ruwan sinadari na wanke ƙarfe. Maigida yana da samfefa da ranakun hutu.

Kada ya manta ya maƙala wa ƙarfen wayar da ke kai caji ƙasa. In ya manta, hodar za ta samu masauki a gemunsa da tabarmar tsakar gida. Ko ya maƙala ma, lungunan ƙarfe suna ture garin, su fito tsirara. In kuma ya lafta da yawa, fentin ya fito da gargada kamar ɓawon lemo. Ƙarfen da zai zauna a rana ya nema masa hodar poliyesta, don ifoksi kan yi fari fat.

A wajen gashi ake yin ta. Yawancin hodar na son zafin digiri 180 zuwa 200 na minti 10 zuwa 20, kuma ana fara lissafi ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya ɗauki zafin. Ya cire duk wata roba da boris tukun. Kada ya kuskura ya ari tandar uwargida, domin wadda ta gasa hoda ta yi bankwana da kek har abada, sulhu kuma ya fi fenti tsada. Ya sayi tsohuwar tanda mai aiki da lantarki, sannan ya duƙufa da addu'a kada a ɗauke wuta a minti na bakwai, don fentin da bai gasu ba ɓarewa yake yi.

Da wannan shiri zai iya fitar da marikin ƙofa ko ƙafar birkin babur abin nuna wa maƙwabta. Get ɗin gida kuwa ba ya shiga tandar kek, sai irin ta ƙwararru mai girman ɗaki.

In ya nace ya gwada rim huɗu suka ɓaci, ya ɗora su a Keke Napep zuwa wurin masu sana'ar, da ƙarin kuɗi a aljihu. Cire gasasshiyar hoda ya fi cire fentin gwangwani wuya, kuma za su caje shi kuɗin kankare aikinsa kafin su fara nasu.