Baturen da Ya Talauce

A Kalmalo akwai wani Bature da mai aikinsa ke kwana da tausayinsa. Injiniya ne, ya zo duba ruwan tafki. Ya ɗauki wata dattijuwa shara da wanki.

Ran Lahadi ya shiga kasuwar Illela. Ya wuce robobi masu sheƙi, ya sayo tsohuwar ƙwarya mai ɗinki uku, ya rataye a bango yana murmushi. Inna ta girgiza kai. Kashegari ƙwarya ta koma wajen kaji, sabuwar roba ja ta hau ƙusa.

Wandonsa mai yagaggiyar gwiwa, wanda ya saya da tsada a Faransa, tela ya yi masa faci. Cukun nan mai ɗigon kore da aka kawo masa ta Ƙonni kuwa, sau ɗaya ta shinshina. Ta binne shi bayan danga, ba ko jana'iza.

Bature ya dafe kai. "Inna, me ya sa?"

"Haba Maigida, babu ai ba abin kunya ba ce. Asirinka a rufe yake."

Yanzu maƙwabta sun fara aiko masa da tuwo. In kaka ta yi, an ce har da damin gero.