Na Je Basalonar Taka

Hamburg, Jamus
Satumba 2024

Zuwa ga bawana kuma taubashina,

Ina Gwaggo, ina su Kawu, yaya amarya da haƙurin zama da kai? Ni lafiya lau nake, in ban da ƙafafuwa da har yanzu ba su yafe mini ba.

Bayan haka, gyara zama kada ka faɗi: na je Basalona. I, Basalonar taka da kake ɓatawa da mutane a kanta a gidan kallon ƙwallo. Ni da ban damu da tamaula ba Allah ya kai ni, kai mai son abin kana nan kana rigima da mai janareta.

Wani abokin aikina ɗan Zangon Kumasi ne ya ja ni. Turawan nan suna da wata al'ada: a tashi aiki ran Juma'a, a hau jirgi zuwa wata ƙasa, a dawo daren Lahadi, Litinin da sassafe ana wurin aiki. Sunan wannan abu wai hutu. Tunda Jamus da Sifaniya duk suna cikin yarjejeniyar Shengen, babu maganar biza, katin zamana ya wadatar. Tikitin ma araha ne har sai da na yi zargin ko jirgin ba shi da fiffike ɗaya. Ashe a jaka suke fanshewa. Jakata ta fi ni tsada, taubashi. A masauki kuma aka ƙara mini harajin baƙunta na kowane dare, wato kwanan ma sai ka biya wa hukuma.

Da gari ya waye muka nufi wata majami'a da ake kira Sagrada Familia, kuma a kanta nake so ka kai wa Kawu albishir. Ka ce masa ya daina jin kunyar kangonsa da ya tsaya a linta tun muna firamare, domin na ga yayansa. A 1882 aka aza harsashin wannan gini, kuma da idona na ga magina a sama suna ta fama. Mai zanen, Antoni Gaudi, ya karɓi aikin a 1883, ya tsufa a kansa, har jirgin cikin gari ya buge shi a 1926. Saboda tsummokaran da ke jikinsa aka ɗauka mabaraci ne, ba a yi saurin kai shi asibiti ba, ya mutu bai ga ko rabin aikin ba. Abin da ya fi ba ni dariya, sai a 2019 ginin ya sami takardar izinin gini daga hukuma, bayan shekara 137 ana aza dutse a kan dutse. Ba gwamnati ke biya ba, da sadaka da kuɗin 'yan kallo ake yi, don haka ni ma yanzu ina da bulo a ciki, kada ka gaya wa Liman. Amma gaskiya ɗaya ce, cikin wurin ya ɗaure mini kai. Ginshiƙan sun yi rassa a sama sai ka ce itatuwa, hasken rana na ratsa gilasai masu launi yana zuba a kan mutane. An ce hasumiyar tsakiya za ta kai mita 172 da rabi, kuma da gangan ya bar ta ƙasa da dutsen Montjuic, wai bai kamata aikin ɗan Adam ya wuce na Mahalicci ba. Ka ji mai hankali. Shawarata ga Kawu, ya sa maigadi a ƙofar kangon ya fara yankar tikiti.

To, sai filinku. Kamfanu ɗin da kake mafarki, wanda aka buɗe a 1957, na tarar da shi a kware babu rufi, sai ƙura da injinan ɗaga kaya. Tun 2023 ake gyara, ƙungiyar taka ta koma zaman aro a filin wasannin Olamfik na 1992. Na ɗauki hoton katanga, zan turo maka ta WhatsApp ka sa a firam.

Sauran yinin a ƙafa ya ƙare. Mun bi titin La Rambla har bakin teku inda gunkin Kolumbus ke miƙa hannu, ni kuma nawa hannun yana kan aljihu, don tun daga Jamus aka gargaɗe ni kan 'yan sane. A kasuwar Boqueria na ga cinyoyi a rataye reras, yawuna ya tsinke, sai ɗan Kumasi ya raɗa mini cewa na alade ne. Unguwar Raval ce ta cece ni, inda 'yan Pakistan da 'yan Maroko ke da gidajen abinci na halal. Bakin ruwan Barceloneta kuwa ba zan ba ka labari ba, kai yaro ne. Na dai yi ta istigfari ina kallon yashi.

Kada ka zaci murna suke da mu. A watan Yuli mutanen garin sun yi zanga-zanga, har suna fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara, don baƙi sun sa kuɗin haya ya gagari 'yan gari. Na ga rubutu a bango ana cewa mu koma gida. Ni dai na saba, sai dai wannan karon a matsayin mai kuɗi aka kore ni, kuma na ji daɗin ƙarin girman.

Dare shi ne babban abin mamaki. Mutanen nan ba sa cin abincin dare sai tara ko goma. Laifin agogonsu ne: tun 1940 Janar Franco ya tura shi gaba da awa ɗaya, ba a kuma mayar ba. Ƙarfe sha biyu, lokacin da duk ɗan mutunci ya yi nisa a barci, a lokacin suke wanka su fito. Ɗan Kumasi ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, ya shigar da ni wani gidan rawa. Duhu, fitilu na walƙiya, kiɗa na dukan ƙirji har haƙorana suna amsawa. Na sayi lemo kwalba ɗaya a kan kuɗin da zai yi wa amarya cefane, na riƙe ta gam har aka tashi, don kada a ce na sake wata. Wata baiwar Allah ta zo ta ce in taka, na ce mata ina da ciwon gwiwa, wanda a lokacin ba ƙarya ba ne. Sai wajen shida aka watse. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kwana yake yana aiki daren Asabar, muka shiga cikin 'yan maye, su za su kwanciya, ni ina sauri kada Asuba ta wuce ni.

Saboda haka in ka ga hotunan, kada ka ruga ka ce wa Gwaggo na yi kuɗi a fara jero mini bukatu. Albashin watan ya tafi.

Rigar Lamine Yamal da ka dame ni a kanta na saya maka, mai lamba 19. Ta kantin ƙungiya ta fi ƙarfin taubashi, don haka a wurin 'yan Senegal masu shimfiɗa kaya a bakin titi na samo. Muna cikin ciniki suka hango 'yan sanda, mai kayan ya ja igiya, shimfiɗar ta zama ƙunshi, ya arce da canjina. Ka biya ni har da shi. Mai zuwa gida a Disamba zai kawo maka, kai kuma ka haɗo shi da kilishi da yaji.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Ubangidanka na Jamus