Yadda Ake Sauya Tayar A-kori-kura Ranar Kasuwa

Mu ɗauka yau Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta fara watsewa, ka ɗauko hanyar Gumel da a-kori-kura. A motar akwai buhun gero goma, akuya biyu, da fasinja goma sha huɗu, yawancinsu a kan buhunan, cikinsu har da wani dattijo da ya samu wurin zama a can ƙololuwar lodi, bayansa jingine da ƙarfen bodi. Sai ka ji bayan mota ya fara rangaji, yana neman kauce maka. Tayar baya ta dama ce ta sace. Kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari hannu bibbiyu, ka bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe inda ƙasa ta fi tauri kuma ta daidaita. Kashe mota, sa giya ta ɗaya, ja hambirki.

Kafin ka taɓa komai, ya kamata ka san abin da ya faru, don fasinja za su tambaye ka kuma suna da haƙƙin samun amsa. Duba gefen tayar. Idan Hilux ce irin wadda ta fi yawa a hanyoyin nan, za ka iya ganin an rubuta 205R16C, sannan 110. Wannan 110 ɗin na nufin tayar na ɗaukar kilo 1,060, biyun baya kuwa kilo 2,120 ke nan. Buhu goma kilo 1,000 ne, wato kusan duk abin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka. Mutum goma sha huɗu, kowa a kan kilo 60, sun ba ka 840. Ka ƙara nauyin bayan motar kanta, da akuyoyi, da kwalta mai zafin watan Afrilu. Akwai kuma wasu lambobi huɗu a gefen tayar, a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2317, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2017. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta tsufa, kuma ina tare da ita ɗari bisa ɗari, domin tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau alhali robarta ta riga ta bushe. Wannan shi ne bayanin. Abin da za ka faɗa wa fasinja shi ne, “Ƙusa muka taka,” idan ƙusa ce. Idan ba ita ba ce, ka faɗi gaskiya a taƙaice.

Tura yaron mota ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar taku hamsin a bayanka. Ganyen da ake karyowa a zuba a titi yana taimakawa da rana, amma magariba na yi babu mai ganinsa, don haka a haɗa biyun.

Yanzu ka iso babban aikin, wato sauke mutane. Dole kowa ya sauka, kuma dole a sauke kaya, saboda dalili uku. Jak ɗin da ya zo da motar an yi shi ne don ɗaga kusurwar mota, ba don ɗaga kasuwa ba. Motar da ke kan jak, mutum ɗaya ya gyara zama a samanta, tana iya zamewa. Sannan safaya tana ɗaya daga wuri biyu: ko a rataye da sarƙa a ƙarƙashin bodi, inda ba za ta fito ba muddin bayan mota ya zauna ƙasa, ko kuma a kwance a cikin bodi, ƙarƙashin buhu na farko da aka loda.

Matsalar ita ce fasinjan a-kori-kura ba ya tsoron sauka, tsoronsa komawa. Wurin da yake zaune bai same shi a banza ba. Ya zo tasha da wuri, ya yi ciniki da maƙwabcinsa a kan inda gwiwa za ta tsaya, ya sha matsi har buhun ya ɗauki siffarsa. Ka ce masa ya sauka kawai, ka ce masa ya yafe duk wannan. Don haka sai ka samar masa wata motar da zai zauna a ciki kafin a gyara wannan.

Ga yadda ake yi. Je ka can nesa da kwalta, aƙalla taku ashirin, inda rairayi yake a shimfiɗe. Ɗauki wilsifana ka ja layi a ƙasa, tsawo mita biyu da ’yan kai, faɗi mita ɗaya da rabi, daidai girman bodin motarka. Kada ka ƙara ko da taƙi ɗaya, don duk sararin da ka ƙara wani zai mallake shi, kuma zai neme shi idan aka koma. A gaban wannan zanen ka zana ƙaramin ɗaki, shi ne gidan gaba. Ka tabbata gaban zanen na kallon Gumel, kamar yadda motar ke kallo. Idan ka juya shi, na dama zai koma hagu, kuma za ka shafe rabin awa kana shari’a.

Sai a fara sauka ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshen hawa zuwa na farko, kowa ya wuce kai tsaye zuwa wurinsa a cikin zanen. Wanda ke zaune a kusurwar baya ta hagu ya zauna a kusurwar baya ta hagu. Matar da ke riƙe da ƙwaryar ƙwai ta ci gaba da riƙonta a cinya. Mutum biyun gidan gaba sun biya kuɗi fiye da kowa, saboda haka a shimfiɗa musu tabarma ko buhun da babu komai a ciki. Saurayin da ya taho a tsaye a kan bamba, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, zai tsaya a kan layin baya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Akuyoyi a ɗaure su a turke a daidai inda suke, tsakanin ƙafafun mai su. Doka ɗaya ce, kuma ka faɗe ta da ƙarfi sau ɗaya: wanda ya fita daga layi ya sauka daga mota, wurinsa ya zama na kowa.

Amfanin wannan doka ya wuce tsare wuri. Cikin mutum goma sha huɗu, ba za ka rasa shida da suka taɓa zama yaran mota ba, ko suke da ƙane makanike. Dukkansu suna da shawara, wata ma mai kyau ce. Daga taku ashirin shawara tana isowa sarai, amma hannu ba ya isowa, kuma babu yaron da zai sulale ya leƙa ƙarƙashin mota ko ya tsallaka titi. Na taɓa ganin jak ya zame a gefen hanya mutane bakwai na kewaye da shi, kowa na dafe da bodi yana leƙe. Wanda ke durƙushe ya tsira da hannunsa da ƙyar, yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Tun ranar ba na yarda kowa ya tsaya kusa da motar da aka ɗaga in ba mai aikin ba.

Saura Baba, dattijon nan na ƙololuwar lodi. Shi ba zai sauka ba, kuma ba za ka ɗaga masa murya ba. Zai ce maka, “Yaro, yi aikinka, ni ba ni da nauyi.” Zai iya ƙarawa da cewa tun zamanin Fijo 404, lokacin da ake harhaɗa Fijo a Kaduna, yake hawa a-kori-kura, ba a taɓa sauke shi don taya ba. Kada ka yi musu da tarihin, masana’antar ta fara aiki a 1975 kuma mai yiwuwa yana nan. Cire hularka, ka riƙe ta hannu biyu, ka ce, “Baba, notin tayar nan shida ne. In ɗaya ya faɗa rairayin nan, mun kwana. Ban ga wanda zan ba amanarsu ba sai kai.” Wannan magana gaskiya ce tsantsa, shi ya sa take aiki. Noti in ya faɗi a rairayin Jigawa, nutsewa yake yi nan take. Baba zai sauko, a kama masa hannu, a ɗora buhu biyu a tsakiyar zanen don tsayin wurinsa ya yi kusa da na da, ya zauna da hular a cinya don a riƙa zuba notin a ciki. Sandarsa kuwa a bar ta a kan motar, a daidai gurbinsa.

Buhunan a jera su gefe bisa tsarin da aka sauke su. Wannan ba ya buƙatar bayani, ƙarfi kawai yake ci.

Yanzu taya. Hambirki tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, kai kuma ɗaya daga cikinsu za ka ɗaga, don haka yaron mota ya sa weji gaba da bayan tayar gaba ta hagu, wadda ke can kusurwar da ke fuskantar tayar da ta sace. In babu weji, dutse mai faɗi. Fito da safaya tukuna. In ta ƙarƙashi ce, zura dogon ƙarfen nan ta ramin da ke saman bamba, ka juya har sarƙar ta sauko da ita ƙasa. Danna ta da babban yatsa, ka buga ta da wilsifana ka ji sautinta.

Sassauta noti tun taya na ƙasa, kowanne rabin juyi, zuwa hagu, akasin tafiyar hannun agogo. Za ka tarar mai facin da ya ɗaura ta ya ɗaure kamar ba za a sake kwancewa ba. A nan lissafi zai taimake ka. Wilsifana mai tsawon santimita 30, in yaro mai kilo 60 ya tsaya a ƙarshenta, yana ba da ƙarfin juyi kusan 176 a ma’aunin injiniyoyi. In ka zura mata bututun ƙarfe mai mita ɗaya, yaron nan dai zai ba da kusan 590. Saboda haka ba ƙaton mutum kake nema ba, bututu kake nema. Yaron ya dafa bodi, ya hau a hankali, kada ya yi tsalle. Bututun na kwancewa ne kaɗai. In ka ɗaure da shi, ƙarfen da notin ke hawa zai miƙe, wata rana ya tsinke kana cikin gudu.

Jak ba ya zama a kan rairayi. Sa masa katako mai kauri a ƙasa, ka kafa shi ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kusa da sifirin. Kada ka kafa shi a jikin bodi ko bamba. Tura safaya kwance ƙarƙashin shasi, don in jak ya ci amana motar ta faɗa kanta. Ɗaga har tayar ta bar ƙasa da kamar yatsu uku, domin mai iska ta fi maras iska tsayi. Kwance noti ɗaya, yaron mota ya kai wa Baba, ya dawo, sannan na biyu. Tafiya shida ce, taku arba’in kowacce zuwa da dawowa. Baba zai ƙirga da babbar murya, motar rairayi duka ta shaida. Ciro tayar, musanya ta da safayar da ke ƙarƙashi, ɗora safaya. Duk wannan aikin ana yinsa ne daga gefe. Kanka, ƙafarka da kafaɗarka ba su da abin yi a ƙarƙashin mota.

Notin su dawo ɗaya-ɗaya. Fara ɗaura kowanne da hannu don kada zaren ya hau karkace, kuma kada ka bi su a jere. Na sama, sai wanda ke fuskantarsa a ƙasa, sai ka tsallaka, har shidan su zauna. Sauke jak, sannan ka ƙara ɗaure su da wilsifana bisa wannan tsarin. Idan duk da Baba an rasa wasu, ari ɗaya-ɗaya daga sauran tayoyin, ka lallaba zuwa gari.

Yana yiwuwa lokacin da ka buga safaya ka ji ta ce “ɗab” maimakon ta amsa. To ita ma ba iska. Yaron mota zai tari ɗan acaɓa, ya rungumi tayar da ta fi dama-dama a cinya, ya nufi wurin mai faci a Gumel. Can za a ba ta iska, a tsoma ta a ruwa, inda kumfa ya taso nan ne ramin. In a tafin tayar yake, faci zai riƙe. In a gefe ta yage, kada ka yarda a ɗinke maka, wannan tayar ta gama aiki, sai dai masu yin takalmi da guga. Muddin yaron bai dawo ba, dokar layi na nan. Wanda zai yi alwala ko ya zaga ya bar takalminsa ɗaya a gurbinsa. Masu tallar gyaɗa da ruwa za su iso daga ƙauyen da ke kusa, su tsaya a wajen layi su miƙa ta gefe, kamar yadda ake yi a tasha.

Komawa kishiyar sauka ce: buhu tukuna, sai Baba, sai akuyoyi, sai saura daga na farkon hawa zuwa na kan bamba. Karɓi hularka, ka yi wa Baba godiya a gaban jama’a. In da hali, ka bar buhu uku ko huɗu wurin wani amintacce ka dawo ka ɗauka, don lissafin da ya kashe tayar farko bai canza ba, kuma yanzu ba ka da safaya. Bayan tafiyar kilomita kaɗan ka tsaya ka sake taɓa kowane noti.

Ƙirga fasinjanka kafin ka tayar. Goma sha huɗu suka sauka. In ka samu goma sha biyar, wani ne ya zo wucewa ya ga wuri a cikin zanen ya zauna, kuma tunda bai taka layi ba, sai a karɓi kuɗinsa daga nan zuwa Gumel. Daga ƙarshe yaron mota ya koma ya share zanen da ƙafa, har da gidan gaba, kada wani ya zo da kayansa ya zauna jiran direba.