Ƙa'idojin Sayen Ido Mai Araha ga Kyamarar Fim Mai Ma'aunin Nisa

Kyamarar fim mai ma'aunin nisa ta sha bamban da kyamarori da dama ta fuska guda, wato mai hoto ba ya kallon duniya ta cikin idon kyamarar, wanda shi ne jerin gilasan da ke tattara haske su kai shi kan fim, sai dai ta wata 'yar taga daban da ke saman jikinta. A tsakiyar tagar akwai ɗan fili mai haske inda abin da ake son ɗauka yake bayyana biyu, sai a yi ta murɗa zoben idon har siffofin biyu su haɗe, a nan ne ake cewa saiti ya yi. Haɗa ma'aunin nisa da idon kyamara, wanda kamfanin Ernst Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya shigo da shi cikin Leica II a 1932, shekarar da abokin hamayyarsa Zeiss Ikon ya fitar da Contax, yana da wani sakamako da ya wajaba mai saye ya riƙe: lafiyayyen ido da ido mai yana, kai har da idon da aka manta ba a cire masa murfi ba, duk ɗaya suke a cikin tagar, kuma asirinsu ba ya tonuwa sai an kai fim wanki an biya kuɗi.

Buƙatar ido mai araha takan taso ne a wani yanayi da ya zama ruwan dare, inda bawan Allah ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi jikin kyamara, alal misali Leica M3 ko M6, sa'annan ya farga cewa jiki kaɗai ba ya ɗaukar hoto, kuma sabon Summicron, wato idon da Leitz ya fara fitarwa a 1953, ana maganar dubban daloli ne. Masana sun kasu kashi biyu a kan abin da ya kamata irin wannan mutum ya yi. Kashi na farko suna kafa hujja da cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, don haka ya ajiye kyamarar a akwati ya shiga adashe. Kashi na biyu kuma suna ganin fim ba ya karanta sunan da aka zana a bakin ido. Hujjar kashi na biyu ta fi ƙarfi, ko da yake an lura cewa yawancin masu riƙe da ita sukan koma kashi na farko da zarar aljihu ya yi nauyi.

Abin da ake fara tantancewa shi ne mazauni, wato yadda ido yake kama bakin kyamara. Tsohon mazaunin Leica na murɗawa ne, faɗinsa milimita 39, kuma tazarar da ke tsakanin bakinsa da fim milimita 28.8 ce, yayin da mazaunin M da ya zo tare da M3 a 1954 na maƙalawa ne, tazararsa kuma milimita 27.8. Wannan bambanci na milimita 1 shi ne mafi girman alherin da kamfanin ya taɓa yi wa talaka, domin siririn zobe mai wannan kauri ya isa ya ɗora kusan duk wani tsohon ido na murɗawa a kan jikin M, ma'aunin nisa kuma ya ci gaba da aiki. Akasin haka ba ya yiwuwa. Tarko a nan guda uku ne: idanun kyamarar Zenit ta farko-farko suna da wannan murɗi na milimita 39 amma an gina su ne a kan tazarar da ta haura milimita 45, idanun na'urar buga hoto a ɗakin duhu su ma suna shiga lafiya lau alhali ba su da zoben saiti, sa'annan wasu idanun Sobiyat an yi su da suna ɗaya a mazauni biyu, na Leica da na Contax. Duk wanda ya ga farashi ya faɗi warwas, to ya fara zargin ɗaya daga cikin ukun kafin ya fara zargin cewa sa'a ce ta neme shi.

Tsawon ido kuwa, wato adadin milimitar da ke nuna faɗin abin da yake ɗauka, kyamara ce take zaɓar sa, domin a cikin tagarta akwai layukan da ke shata iyakar hoto, kuma kowane jiki da nasa: M3 tana da na 50 da 90 da 135, M2 kuma tana da na 35 da 50 da 90. Wanda ya sayi ido mai milimita 28 saboda araha, alhali kyamararsa ba ta san da shi ba, zai koma kasuwa neman wata taga ta ɗorawa a sama, wadda kuɗinta kan cinye rarar da ya yi murnar samu. Ido mai milimita 50 shi ya fi yawa a kasuwar gwanjo, shi ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana da ƙarin fa'idar cewa mai shi zai iya faɗa wa jama'a cewa yana bin sawun shahararren mai hoto Henri Cartier-Bresson ne, ba tare da an tilasta masa nuna hotunan ba. Akwai kuma idanu masu milimita 40, irin su Summicron-C da M-Rokkor da aka yi wa Leica CL ta 1973, waɗanda ingancinsu ya fi farashinsu saboda yawancin jikunan M ba su da layukansu, sai mai hoto ya riƙa cike gurbin da ƙiyasi.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske shi ne ƙofar haske, wadda ake rubuta girmanta da lambobi irin f/1.4 da f/2 da f/2.8, kowace lamba tana shigar da ninkin hasken wadda ke bin ta. Farashi ba ya tafiya da wannan lissafi cikin adalci, domin mataki ɗaya tak daga f/2 zuwa f/1.4 yakan ninka kuɗi, ya ƙara nauyi, ya kuma sa gangar idon ta tare kusurwar tagar leƙe. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a tsakar rana, da fim mai lamba 400, ana ɗauka ne a f/16 da saurin kusan 1/500 na daƙiƙa, kuma tun da saurin labulen da ke shigar da haske a M3 ba ya wuce 1/1000, mafi girman abin da za a buɗe ƙofar shi ne f/11. Ke nan mai yawo da f/1.4 a ranar Kano ko ta Damagaram yana ɗauke ne da matakai 6 na hasken da ba shi da wurin zuba shi. Idan dare ya yi ya buɗe idon gaba ɗaya, sai ya tarar cewa da ido mai milimita 50, a nisan mita 1 kaurin abin da ke fitowa tangaran bai kai santimita 4 ba, ta yadda numfashi ɗaya ya isa ya mayar da saiti daga ƙwayar idon amarya zuwa ɗan kunnenta.

Mafi arahar kasuwa ita ce ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, kuma ita ta fi cancantar dogon nazari. A 1934 masana'antar FED da ke Kharkiv a Yukren ta fara kwaikwayon Leica, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma Sobiyat suka kwashi injuna da zane-zanen Zeiss a matsayin diyyar yaƙi, aka ci gaba da ƙera Contax da sunan Kiev, masana'antar Krasnogorsk da ke kusa da Mosko kuma ta shiga fitar da kyamarar Zorki da idanunta. Jupiter-8 mai milimita 50 da f/2, tare da yayansa Jupiter-3 mai f/1.5, kwafin idon Sonnar na Zeiss ne da Ludwig Bertele ya tsara a farkon shekarun 1930; dangin Industar kuwa sun gaji Tessar mai gilashi 4 da Paul Rudolph ya tsara a 1902. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa har yau ake samun su a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma na kirki a cikinsu yana ba da hoton da sai mai tsananin son gardama zai kushe. Matsalar ita ce gano na kirkin, domin biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a shekara ɗaya suna iya bambanta, abin da ya sa masu tara su suka ƙirƙiro wani ilimi mai zaman kansa na duba lambobi biyu na farkon lambar ido, waɗanda galibi suke nuna shekarar ƙira, suna yanke wa kowace shekara hukunci kamar sun halarci aikin.

Akwai kuma wani saɓani na asali, wato an gina idanun Sobiyat a kan tsawon idon Contax na milimita 52.4, alhali ma'aunin nisan Leica yana lissafi ne da 51.6, don haka a kusa, kuma a buɗe, saiti yakan faɗa bayan inda aka nufa. Maganinsa biyu ne: ko dai a kai wa mai gyara ya saka siririn zoben ƙarfe a ciki, ko kuwa a tsuke ƙofar zuwa f/4 a yi shiru da bakin. Jupiter-12 mai milimita 35 yana da nasa hali, domin gilashinsa na baya ya zurma sosai cikin jiki har yana iya cin karo da hannun awon haske na Leica M5 da CL. Haka nan duk wanda aka yi wa tallar ido mai ƙirar Jupiter amma an zana masa sunan Carl Zeiss, ya sani cewa sana'ar zana suna ta daɗe da bunƙasa a wannan kasuwa.

Idanun Japan na shekarun 1950 su ne matsakaiciyar hanya, kuma su ne suka fi dacewa da wanda yake son barci mai daɗi. Sunansu ya fito ne a 1950, lokacin da David Douglas Duncan na mujallar Life ya ɗora idanun Nikkor a kan Leicarsa ya tafi da su yaƙin Koriya. Canon mai milimita 50 da f/1.8 an gina shi a kan ma'aunin Leica daidai, sai dai an san shi da tara hazo a gilashin da ke maƙwabtaka da ƙofar haske, wanda wani lokaci yake cin gilashin har ya ƙi gogewa. Tsofaffin idanun Leitz kansu, irin su Elmar mai f/3.5 na Max Berek da Summitar na 1939, suna sauka zuwa farashin mutane, amma gilashin gaban wasunsu yana da taushi, kuma sun shekara fiye da 70 ana share su da gefen riga. Mai son sabo yana da Voigtländer da kamfanin Cosina na Japan yake ƙerawa tun 1999, musamman Color-Skopar mai milimita 35 da f/2.5, ƙasa da shi kuma akwai na Sin, irin su 7Artisans da TTArtisan, waɗanda wasunsu suke zuwa da sukuddireba da takardar gwajin saiti a cikin kwali, abin da ke nuna cewa masana'anta ta amince da mai saye har ta bar masa ƙarashen aikin.

Dubawa kafin biya tana buƙatar tocila da ɗaki mai duhu. A buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a haska daga baya, a leƙa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba ta hana komai, haka ma ƙananan kumfa a cikin tsohon gilashi, kuma ƙarzuwa ɗaya a gaba ta fi amfani wajen rage farashi fiye da ɓata hoto. Abin gudu shi ne farin hazo da ya lulluɓe gilashi, da fumfuna mai rassa sirara da ke tsirowa daga gefe a wuraren danshi, da launin bakan gizo a gefen gilashi, wanda ke nuna cewa ƙaron da ya manne gilasai biyu ya fara saki. Daga nan a murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe a ji ko giris ya daskare, sa'annan a ɗora idon a kan kyamara, a kai shi iyakar nesa, a duba wani dogon abu can a ƙarshen gari, hasumiya ko turken waya, a ga ko siffofin biyu sun haɗe. Wanda yake saye daga nesa ba shi da wannan dama, sai ya koyi harshen 'yan kasuwar intanet, inda kalmar “kyakkyawa” mai alamar tarawa biyar a bayanta take nufin akwai hazo kaɗan, “ba ya shafar hoto” take nufin mai sayarwa bai gwada ba, “ba a gwada ba” kuma sau da yawa take nufin an gwada.

A wajen lissafi, farashin ido shi ne kuɗinsa tare da na zoben mazauni, da murfi, da rumfar tare rana, da kuɗin aikowa, da kwastan, da ladan mai gyara, kuma zoben shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba, tun da kuskure kaɗan a kaurinsa ya isa ya ɓata saiti, kuma shi ne yake kiran layukan da suka dace a taga. Murfi ma ba ado ba ne, domin idon da aka bari yana fuskantar rana yana iya ƙona rami a labulen kyamara na yadi. Babban haɗarin kuwa yana tattare da arahar kanta, saboda wanda ya sayi Jupiter yakan so ya kwatanta shi da Industar, daga nan ya ji labarin Canon, har a wayi gari yana da idanu 5 masu milimita 50 waɗanda jimlar kuɗinsu ta kai ta tsohon Summicron ɗin da ya ce ya fi ƙarfinsa.

Da zarar ido ya iso, ana ƙona masa fim guda mai hoto 36 kafin wa'adin mayarwa ya cika: a shimfiɗa ma'aunin tela a kan tebur, a saita a kan lamba ɗaya daga nisan mita 1, a ɗauka a kowace ƙofa, sa'annan a ɗauki nesa, a kuma ɗauki wani abu da rana take bayansa. Idan lambar da aka saita ita ce ta fito tangaran, ciniki ya faɗa. Idan kuwa hoton ya fito dishi-dishi, launi ya koɗe, kuma wa'adi ya riga ya wuce, al'adar fannin ta tanadi mafita, wato a koma amfani da fim na baƙi da fari, a riƙa kiran dishi-dishin “halin tsohon gilashi”, a kuma ƙara wani abu a kan farashi ranar da za a sayar wa na gaba.