Alƙalan Sabon Malamin Kalkulas

A watan Afrilu na 1821, a makarantar Politeknik ta birnin Paris, wani malamin lissafi ya zarce lokacin darasinsa, sai wasu daga cikin ɗalibai suka yi masa fito da eho. Malamin nan Augustin-Louis Cauchy ne, kuma a shekarar ce ya fitar da littafinsa Cours d'analyse, wanda duk mai karanta kalkulas yau, a Jami'ar Bayero ne ko a ta Abdou Moumouni da ke Yamai, kan harsashinsa yake tafiya. Kalkulas, ga wanda Allah bai jarrabe shi da shi ba, lissafi ne na abin da ba ya tsayawa wuri guda: gudun mota a daidai wannan ƙiftawar ido, ko ruwan da ya taru a tanki alhali famfo yana ƙarfi yana rauni. Masu kare malamai sukan ɗauko labarin Cauchy su ce ga shi nan, ɗalibi bai san mai ƙaunarsa ba. Masu kare ɗalibai kuma su ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina ɓangarorin biyu tuntuɓe ɗaya suka yi, domin sun ɗauki aji tamkar mutum guda mai kunne guda. Aji taro ne na mutane iri-iri, kowanne da abin da ya zo nema, kuma mafi yawan abin da suka zo nema ba kalkulas ba ne. Saboda haka ƙorafin ɗalibai a kan sabon malami aunawa ake yi, ba ƙirgawa ba, kuma kafin a auna sai an san bakin da ya fito.

Na farko shi ne Mai-Agogo, jikan waɗanda suka yi wa Cauchy fito. Shi bai da rigima da abin da ake koyarwa, rigimarsa da tsawonsa ce. Saura minti goma a tashi ya rufe littafi, saura biyar ya ja zif ɗin jaka da ƙarfi yadda malam zai ji, in kuwa aji a harabar La Doua yake, ta Jami'ar Liyon ta Ɗaya, to rabin hankalinsa yana kan taragon da zai mai da shi cikin gari. Aminin Mai-Agogo shi ne Zai-Fito, wanda tambaya ɗaya ya mallaka a duniya: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Ana raina shi, amma a tarihi yana da hujja. A Politeknik, matsayin da ɗalibi ya fita da shi ne yake yanke masa inda zai yi aiki, ko hukumar ma'adinai, ko ta gadoji da hanyoyi, ko rundunar igwa, don haka maki ɗaya yana iya sauya rayuwar mutum. Magajinsa na yau ya san cewa a Faransa maki 20 ne cikakke, 10 ne tsira, kuma a jami'o'i da yawa darasin da ka yi ƙoƙari yana rufa wa wanda ka faɗi asiri. Sai ya zauna ya lissafa mafi ƙarancin wahalar da za ta kai shi 10 cif, ba ƙari ba ragi. Neman mafi ƙaranci kuwa shi ne babin da malam yake ta fama ya koyar, wato yaron ya ƙware a darasin ba tare da ya sani ba.

Sai Allah-Jiƙan-Na-Da, wanda a wurinsa malamin kirki shi ne wanda ya tafi. Bara shi ne kan gaba wajen zagin tsohon malamin, bana ya zama marokinsa. Wannan ya fi kowa wahalar da sabon malami, domin ba a gasa da wanda ba ya nan. Cauchy ya ɗanɗana wannan sosai. Yana ɗan shekara 26 aka ba shi darasin Louis Poinsot a ƙarshen 1815, sannan a 1816 gwamnatin sarki Louis na 18 ta kori Gaspard Monge daga Majalisar Masana Kimiyya, ta naɗa Cauchy a cikinta da umarnin sarki. Monge kuwa yana cikin waɗanda suka kafa makarantar a 1794, ɗalibai suna masa son uba, har da ya rasu a 1818 aka hana su zuwa jana'izarsa, suka jira ranar hutu suka tafi kabarinsa. Ga Cauchy ɗan gani-kashe-nin sarauta, ga ɗalibai da yawansu ba sa ga-maciji da sarautar. Wanda ya ce fiton 1821 hukunci ne a kan yadda ake koyar da lissafi kaɗai, ya manta da wanda aka kora da wanda aka naɗa.

Akwai kuma Ɗan-Kallo, wanda malamin ya zo gani. Tambaye shi abin da aka yi yau, zai gaya maka launin takalmin malam da sau nawa ya ce "a bayyane yake". Kada a ɗauka wannan ciwon dakikai ne. Joseph Fourier, wanda sunansa ya cika littattafan injiniyoyi, da ya zauna gaban babban malamin lissafi Lagrange a 1795, cikin abin da ya rubuta wa wani a wasiƙa har da cewa muryar malamin ba ta da ƙarfi, kuma harshensa na mutumin Turin yana mai da "s" ta koma "z". A zamaninmu Cédric Villani ya koyar a École Normale Supérieure ta Liyon daga 2000 zuwa 2010, shekarar da ya karɓi lambar yabo ta Fields a fannin lissafi, amma ka tambayi mutane goma abin da suka sani game da shi, gizo-gizon ado da yake maƙalawa a ƙirjin kwat za su fara ambata. Ɗan-Kallo ba shi da mugunta. Ƙaninsa Shaƙiyyi ne mai ita, kuma babu wanda ya sha wuyarsa kamar André-Marie Ampère, haifaffen Liyon a 1775, wanda ya koyar da lissafi a sakandaren garin da yau take ɗauke da sunansa kafin ya koma Politeknik a 1804. François Arago, da ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin yadda ya shigo darasin farko cikin baƙar kwat da tela ya ɓata, da yadda ya taɓa ɗaukar tsumman goge allo a zaton hankici ne. Da ɗalibai suka gane mutumin yana da saurin yarda, sai na baya suka riƙa cewa ba sa gani. Ya ƙara girman rubutu, suka ce har yanzu, ya sake ƙarawa, har allon da ya kamata ya ɗauki dogon lissafi ya koma ba ya ɗaukar lambobi biyar. In da a ranar za a raba takardar jin ra'ayi, da za a samu aji guda sun rubuta cewa malam ba ya gama darasi, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Magatakarda shi ne abin tausayi. Duk abin da ya hau allo sai ya sauka a littafinsa, da alƙalami kala uku, har kuskuren da malam ya goge yana nan an ja masa layi. Hannunsa ne yake halartar darasi, kansa yana gida. A 1923 wani babban ɗalibi a École Normale ta Paris, Raoul Husson, ya manna gemun ƙarya, ya sauya murya, ya shiga gaban sababbin ɗalibai a matsayin baƙon farfesa, ya yi ta zuba musu lissafin da ba shi da kai ba shi da gindi, ya rufe da wata ƙa'ida da ya laƙaba wa sunan Bourbaki, wani janar na sojan Faransa. Irin wannan tarko Magatakarda aka haƙa wa, domin shi gemu da alli sun ishe shi hujja. Kishiyarsa shi ne Riga-Malam-Masallaci, mazaunin layin gaba, wanda tambayarsa ba tambaya ba ce, sanarwa ce cewa ya karanta babi na gaba. Gwarzonsa Évariste Galois ne, wanda ya faɗi jarrabawar shiga Politeknik sau biyu, a 1828 da 1829, ya mutu a 1832 yana ɗan shekara 20, ya bar aikin da ya sauya aljabara. Matsalar ita ce, cikin masu koyi da Galois, mafi yawa zafin kansa kawai suka gada.

Fatalwa kuwa suna ne a rajista. Ba a ganinsa a babban zauren lacca da suke kira amfi, ba a ganinsa a ƙaramin ajin atisaye, sai ranar jarrabawa ya bayyana yana tambayar ina ne ɗakin. Amma shi ma ra'ayinsa a kan malam yana da ƙarfi, ya ji a bakin Allah-Jiƙan-Na-Da. Sau ɗaya dai tarihi ya wanke wannan jinsi. Politeknik ba ta karɓar mata a zamanin Lagrange, sai Sophie Germain ta samo takardun darasin Lagrange, ta riƙa aika masa aiki da sunan wani ɗalibi, Le Blanc. Kyawun aikin ya sa Lagrange ya nemi ganin mai shi, ya tarar da mace. A 1816 ta ci kyautar Majalisar Masana Kimiyya, makarantar kuwa ba ta buɗe wa mata ƙofa ba sai 1972, shekarar da Anne Chopinet ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga.

Za a ce wannan duk wayo ne na wanke malamai, a mai da kowane mai ƙorafi abin dariya don kada a saurare shi. Za a ƙara da cewa Cauchy ɗin ma ba gwanin koyarwa ba ne, kuma wannan gaskiya ce. Hukumar makarantar da kanta ta yi ta jan kunnensa cewa injiniyoyi aka ba shi ya horar, ya rage zurfafawa. Bayan ya bar Faransa a 1830 don ya ƙi yi wa sabon sarki mubaya'a, an ɗauke shi a 1833 ya koyar da jikan sarki Charles na 10 da ke gudun hijira a Prague. Ɗalibi ɗaya tal, babu Shaƙiyyi a baya, babu taragon da za a kama, shekara biyar ana abu ɗaya, yaron ya tashi bai iya lissafin ba, malam kuma ya tashi da sarautar baron. To amma a duba inda wannan hujja ta fito. Ba daga ƙarar fito ta fito ba. Ta fito daga waɗanda suka iya faɗin abin da ya lalace: darasi ya fi manhaja tsawo, an daɗe a tushe ba a kai ga aikin da mai gina gada yake buƙata ba. Irin wannan ƙorafi ana iya gyara da shi. Fito kuwa Ampère mai sauƙin kai ya sha irinsa, Cauchy mai taurin kai ya sha, kuma ma'aunin da yake ba mutum biyu masu bambancin hali amsa ɗaya bai auna komai ba. Balle sabon malamin yau, wanda sau da yawa ɗalibin digiri na uku ne da aka ba awa 64 a shekara, ya girmi 'yan ajinsa da shekara biyar ko shida, yana koyon riƙe alli a gaban mutanen da suka riga suka yanke hukunci tun makon farko.

Wanda ya fi cancanta a saurara shi ne wanda ba a jin muryarsa, wato Shiru-Shiru, kuma a nan maganar ta shafe mu. Hanyar da ta taso daga ƙasar Hausa zuwa waɗannan azuzuwa tsohuwa ce, Abdou Moumouni ɗan Tasawa ya bi ta har ya ci babbar jarrabawar malanta ta agrégation a fannin fiziks a 1956, kuma har yau yaran Maraɗi da Damagaram da Yamai suna binta. Yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a katse malam, ba a kallon tsabar idonsa, yakan zauna a tsakiyar amfi yana bin lissafi daram har layi na huɗu, inda malam ya ce "a bayyane yake" ya tsallake mataki biyu. Ya san daidai inda zaren ya tsinke. Da zai ɗaga hannu ya nuna wurin, da ya ceci mutum hamsin, har da Magatakarda. Amma kunya ta hana, ga tsoron kada a yi wa Faransancinsa dariya, sai ya haɗiye. Wani zai ce ai ladabi ne, kuma ladabi ba abin yarwa ba ne. Haka ne, sai dai a zauren karatu na gida ma ɗalibi yakan ce "Allah gafarta Malam, a maimaita", kuma ba a taɓa kiran wannan rashin kunya ba. Ladabin da ya bar fili ga Mai-Agogo da Zai-Fito su zama su kaɗai malam yake ji, malamin ma ya cutar.

In Shiru-Shiru ya samu baki, shi ne yake zama Mai-Nuna-Layi, wanda ƙorafinsa yake da lamba da shafi. Henri Cartan da André Weil irinsa ne, sai dai su sun riga sun zama sababbin malamai a Strasbourg, an ba su darasin kalkulas da tsohon littafin Édouard Goursat, wanda suke ganin ya tsufa. Cartan ya yi ta damun Weil da tambayar yadda za a koyar da wannan babi da wancan, har Weil ya ce a tara abokai a rubuta sabon littafi a huta. Ranar 10 ga Disamba 1934 suka haɗu a gidan shan kofi na Capoulade da ke unguwar ɗalibai a Paris, daga baya suka raɗa wa ƙungiyar sunan Bourbaki, janar ɗin nan na mai gemun ƙarya. Sun yi kirdadon wata shida zai isa. Kashin farko bai fito ba sai 1939, kuma da suka ce sai sun gyara tushe kafin su hau gini, sai tushen ya yi ta zurfi har littafin ya fi ƙarfin ɗaliban da aka fara shi dominsu. A 2016 ƙungiyar tana nan tana fitar da sabon juzu'i.