Madalla da Mai Jan Layi

A cikin ma'aikatan da mulkin mallaka ya kawo ƙasar nan akwai wanda har yau ba a biya shi haƙƙinsa na yabo ba. Gwamna Lugga ya samu zauren majalisa a Kaduna mai ɗauke da sunansa. Amma mutumin da ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya ɗauki jan alƙalami ya yanka ƙasa gunduma-gunduma domin a san inda kwalba ta halatta da inda ta haramta, shi ko lungu ba a raɗa wa sunansa ba. Ranka ya daɗe, Mai Jan Layi, yau ranarka ce.

A fara da tsoron Allah irin naku. A 1890 manyan ƙasashen Turai suka taru a Burasels, babban birnin Beljiyam, suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ce kada a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, ko waɗanda addininsu ya hana. Dubi wannan tausayi. Mutanen da suka gama raba nahiya a tsakaninsu a Balin shekara biyar kafin nan, ba tare da sun tambayi ko da mai unguwa ɗaya ba, su ne hankalinsu ya tashi saboda hantar talakan Zazzau. Da aka kafa mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, sai aka ɗora ta a kan wannan ƙa'ida. Bindiga mai ruwan harsashi tana da izinin shiga Kano da Sakkwato a 1903, tana da izinin isa Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, tana da izinin shafe Satiru a 1906. Kwalba ce kaɗai aka tsayar a kan iyaka, don kada a cuci jama'a.

Sai dai gwanintarka ta gaske a lissafi take. A daidai lokacin da Arewa ke zaune cikin tsarki, jiragen ruwa na sauke akwatunan barasar Jamus da ta Holan a Legas da sauran tashoshin gaɓar teku, gwamnatin Kudu kuwa tana karɓar kuɗin kwastan a kan kowace kwalba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya wannan haraji shi ne ginshiƙin baitulmalinta. Da masu wa'azin Kirista irin su Bishop Tugwell suka matsa da ƙorafi, aka kafa kwamitin bincike a 1909 ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers, kwamitin kuma ya dawo da albishir cewa bai ga wata ɓarna da ta kai a dakatar da ciniki ba. Ita Arewa ba ta iya ciyar da gwamnatinta, kullum sai an yi mata ciko daga Landan da kuma Kudu. Da aka haɗe ɓangarorin biyu a 1914 aka zuba kuɗin a tukunya ɗaya. Ma'ana, ofisoshin da aka gina a Kaduna domin mulkin ƙasar da aka haramta wa barasa, da albashin jami'in da ke tsare haramcin, akwai kuɗin barasa a cikinsu. Wa ya isa ya haɗa wannan lissafi in ba mai basira ba?

Shekarar 1917 ita ce shekarar da alƙalaminka ya yi rawar gani. A cikinta hedikwatar Arewa ta gama tasowa daga Zungeru ta sauka Kaduna. A cikinta aka yi dokar barasa da ta kasa Najeriya gida uku: yankin da aka haramta, yankin da ake sayarwa da lasisi, da yankin da aka taƙaita. A cikinta kuma aka yi dokar garuruwa, wadda ta ba Legas matsayi na ɗaya, ta sa Kaduna da Kano da Zariya a na biyu. Dokokin nan biyu tagwaye ne. Ɗaya ta faɗi wanda zai sha, ɗaya ta faɗi inda zai kwana, kuma da ma'auni guda suka auna ɗan Adam: daga ina ka fito, wane launi ne fatarka.

A karanta abin da ake nufi da yankin da aka haramta, a sha mamaki. Ba a ce babu barasa a cikinsa ba. Cewa aka yi ɗan ƙasa ba zai saya ba, ba zai mallaka ba. Bature kuwa lasisi yana nan yana jiransa. Saboda haka a arewacin kogin Kaduna, a unguwar Turawa mai inuwar itatuwa da faffadan fili, wiski halal ne da yamma a kulob, bayan an sauko daga wasan folo. Ka taka 'yan ɗaruruwan yadi zuwa Sabon Gari, kwalbar nan dai ita ce za ta kai mutum gaban joji. Har tazarar ma an auna ta, domin ƙa'idar tsara gari ta ce a bar yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na baƙar fata, wai don sauro. Shi kuku da boyi da suke wanke kofunan, suke ɗauko ƙanƙara, suke kwashe kwalaben da aka shanye, an yarda su kwana a bayan gida a ɗakin boyi. Sauron jikinsu mai ladabi ne, ya san gidan maigida.

Kuma ba ka yi rowar lasisi ba. Akwai na otal, akwai na kulob, akwai na mai sayar da sari da na mai sayar da ɗai-ɗai, akwai na tashar jirgin ƙasa. Wanda ya fi burge ni shi ne lasisin taragon cin abinci. Jirgi ya taso daga Legas, ya wuce Offa, ya haye Kwara a Jebba, ya ratsa Minna ya nufo Kaduna, tun daga Offa duk cikin ƙasar da aka tsarkake, amma a cikinsa akwai tarago ɗaya da dokar ba ta hawa. Gunduma ce mai ƙafafun ƙarfe, tana tafe da halaccinta. Manomin da ke tsaye a bakin dogo yana kallon wucewarta yana cikin haram, wanda ke zaune a bayan gilashi yana cikin halal, tsakaninsu bai fi taku goma ba.

Sai matsalar akawu. Gwamnati ba ta tafiya sai da masu buga tafireta da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya, mafi yawansu kuwa daga Kudu suke, wasu daga Saliyo da Gwalkwas, inda shan barasa ba laifi ba ne. Ga su baƙaƙe, ga shi ana bukatarsu. Nan ma ba ka rasa dabara ba: takardar izini. Wanda hukuma ta gamsu da wayewarsa a ba shi dama ya shigo da ɗan abin da zai sha. Da haka kwalba ta zama lambar girma, shaidar cewa mutum ya matso kusa da Bature. Yaron Arewa da ya fito makaranta ya kama aiki a Kaduna ya buɗe ido ya ga manya su ne masu sha, marasa galihu su ne aka hana. Ban san wata hanyar tallata giya da ta fi wannan kaifi ba, kuma da sunan hani aka yi ta.

Gbagyi fa, waɗanda aka tarar a wannan ƙasa kafin a kafa tubalin farko na bariki? Su da sauran al'ummun kudancin lardin Zazzau suna da burukutunsu na dawa tun kaka da kakanni, a biki da gayya da makoki. Layinka bai tambaye su ba, kamar yadda bai tambayi mutanen Kabba da na Binuwai ba sa'ad da ya haɗa su cikin yankin da aka ce an haramta don darajar Musulunci. Haka bai tambayi malaman Zazzau ba ko suna son a kafa mashaya a ƙasarsu muddin dai mai shan fari ne. Adalcinka ya game kowa: ba wanda aka shawarta.

A nan zan ajiye yabo in faɗi abin da ke ci mini rai. Musulmin ƙasar nan ba Burasels ce ta koya musu haramcin giya ba. Suna da shi a littafi, alƙalai na hukunci da shi ƙarni guda kafin zuwan Lugga, kuma haramci ne da bai san fari ko baƙi ba, bai san sarki ko talaka ba. Abin da Turawa suka yi shi ne suka ɗauki wannan hukunci suka cire masa daidaito, suka mai da shi shinge. Suka koya wa gari cewa tarbiyya magana ce ta unguwa: nan wurin masu salla, can wurin masu sha. Birni na Musulmi 'yan asali, Tudun Wada ta baƙin Arewa, Sabon Gari ta 'yan Kudu. Mutanen da ya kamata su yi cuɗanya a kasuwa da makaranta su san juna, aka raba musu makwanci, kowane ɓangare ya girma yana hango ɗayan daga nesa, wannan yana cewa waɗancan mashaya ne, wancan yana cewa waɗannan munafukai ne masu zuwa da dare.

To, madalla da ɗalibai, domin mun riƙe karatu. Dokar finalkod da ta fara aiki a 1960 ta zo da sashe na 403, wanda ya sa shan giya laifi ne ga Musulmi kaɗai. A 1963, Sardauna na Firimiya, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antarsa a Kakuri. Ina Kakuri take? Ƙetaren kogi, kudu da gada. Hedikwatar gwamnati na arewa da ruwa, tukunyar giya na kudu da shi, haraji kuwa ya san hanyar gada. A cikin barikokin soja da ke arewacin garin kuma, kasuwar mami ta gaji matsayin taragon cin abinci, tsibiri ce da dokar waje ba ta leƙawa.

Sannan aka zo Fabrairu da Mayu na 2000, rikicin shari'a, aka sake wani rikicin a Nuwamba 2002. Duk wanda ya zauna Kaduna a waɗannan kwanaki ya san abin da ya gani. Maƙwabtan shekara talatin suka ɗaure kaya. Kirista suka bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka nufi Sabon Tasha da Television da Narayi, Musulmi suka baro can suka hayo arewa. Aka sayar da gidaje a wulaƙance, wasu aka yi musaya. Har ta kai ana kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Kudus. Ba na ɗora wa taswirar 1917 jinin da muka zubar da hannunmu. Alhakinsa na wuyanmu da na shugabanninmu. Amma da wuta ta tashi, maganin da ya fara zuwa mana a rai shi ne naka: a ja layi, kowa ya koma gefensa. Kai da jan alƙalami ka ja naka, namu kogi ne guda, wanda ba ya gogewa.

Shin layin ya kare yaranmu? A shiga lungunan arewacin garin, inda ba a ganin mashaya ko ɗaya, a tambayi iyaye mata abin da ke hana su barci. Kodin da taramol da sholisho ba su nemi lasisin otal ba, ba su san gunduma ba. Sai a Mayu 2018, bayan rahoton BBC ya tona yadda maganin tari mai kodin ke cin matasan Arewa, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Shekaru muna gadin gada kada kwalba ta hayo, alhali abin da ke kashe mana 'ya'ya yana kan kanta a kemis ɗin bakin layi.

Gadonka mafi daraja kuwa yana Abuja. Tun 1994 ake karɓar harajin kayan masarufi na VAT, giya na cikin abin da ake karɓa a kai, a tara a asusu ɗaya, a raba wa jihohi duk wata. Jihar da hukumar Hisba ke murƙushe kwalabe da buldoza a gaban 'yan jarida tana karɓar kasonta, jihar da ta tura mashaya ƙetaren kogi ita ma tana karɓa. 'Yan Kudu sun yi ta gori a kan haka, musamman lokacin da jihar Ribas ta yi nasara a shari'ar VAT a kotu a 2021, gorin kuwa yana da zafi domin akwai gaskiya a cikinsa. Har yau ban ji gwamna ɗaya da ya ce a ware kuɗin giya daga kasonsa a mayar ba.